Damin Ƙayar da Na Kai Bama

Sau biyu na je ƙasar Bama. Zuwan farko ba shawarata aka nema ba, soja ne ya kwashe mu a mota daga Kankara, ba mu ankara ba sai ga mu a tsakiyar teku muna amai. Na biyun kuwa da ƙafata na tafi, bakina har kunne, da sabuwar riga a jiki da damin ƙaya a kafaɗa. Labarin na biyun zan bayar, don na farkon tsofaffin soja sun ba da shi har mutane sun gaji da ji.

Bayan yaƙi na samu aikin kuku a Mairuwa, gidan wani Bature mai duba auduga. Ba baƙona ba ne, shi ne hafsan da muka yi yaƙi a ƙarƙashinsa. Dogo ne siriri mai jan kunne, yana jin Hausar bariki irin wadda ba ta da gaisuwa sai umurni. Tun muna daji na lura da halinsa. In muka iso wani tsohon ɗakin ibada na mabiya Buda, mu muna neman ramin ɓuya, shi yana tsaye baki buɗe yana kallon zanen bango. Har ya zo Mairuwa abin bai sake shi ba. In ya ƙoshi da yamma sai ya kira ni ya tambaye ni ko na tuna hasumiyar nan ta bakin kogi, ni kuma in ce na dai tuna sauron wurin.

Akwai wanda muka tafi tare bai dawo ba. Abokina ne tun muna kiwon awaki, Bamaguje, gidansu na wata unguwa a bayan Yargoje. Ni ina salla shi ba ya yi, amma wannan bai taɓa hana mu raba rogo ɗaya ba. Ya rasu a wani tsohon gari mai yawan ɗakunan ibada, lokacin ina kwance asibitin soja zazzaɓi yana girgiza ni. Ban ga gawarsa ba, ban ga kabarinsa ba. Abin da kawai 'yan'uwanmu soja suka gaya mini shi ne an rufe shi a gindin wani tudu, kusa da tafki.

Mahaifiyarsa, wadda nake kira Inna tun ina yaro, tana sayar da daddawa a kasuwar Kankara. Duk ranar kasuwar da na je sayen cefanen Bature, komai zillewar da zan yi sai ta gan ni. Ta kama bakin rigata da hannunta mai ƙamshin daddawa, ta yi mini tambayarta guda ɗaya:

"An sa mashi ƙaya?"

Ba ta tambayar harsashi ne ko ciwo, ba ta tambayar ko ya bar sallahu. Ƙaya kawai. A wajenmu in an rufe mutum akan jibga ƙaya bisa kabari saboda kura, kuma unguwarsu kura ba ta da kunya. Duk sanda kura ta yi kuka a bayan danga, Inna sai ta ga ɗanta ake tonewa. Danginta sun so su dafa giya su yi masa kiɗan mutuwa kamar yadda suke wa nasu, ta hana, ta ce ba a sallamar wanda ba a san ko yana kwance da gaɓoɓinsa ba. Shekaru suka yi ta tafiya a haka. Da zan iya da na ce mata an sa, a huta, amma matar da ta san fuskata tun ina satar mata gyaɗa ba ni zan yi wa ƙarya ba. Kullum sai in ce ban sani ba, Inna, ita kuma ta saki rigata ta ƙara mini daddawa.

Wata rana bayan an gama kasuwar auduga, Bature ya leƙo kicin ya ce ya samu dogon hutu, zai koma Bama ya ga ɗakunan ibadar nan ba tare da ana harbinsa ba, ya ɗauki hotunan namun daji, kuma ba zai ci abincin kowa ba sai nawa. Ludayin da ke hannuna ban san inda ya faɗi ba. Na fita bayan gida na yi tsalle ni kaɗai, mutum da gemunsa.

Kafin la'asar labari ya kai Faskari. Matata ta ce wato yaƙin bai ishe ni ba sai na koma na karɓo sauran. Abokan hirata na gindin durumi suka tambayi hanya, na yi kuskuren gaya musu cewa za mu bi ta Sudan mu shiga jirgin ruwa. Wani ya ce ai nan ne bakin ƙofar Makka. Shi ke nan na jawo wa kaina: mutumin da zai wuce Makka ya je gaida gumaka. Tun ban ɗaga ƙafa ba suka naɗa ni Alhajin Bama, yara suna bi na da shi har rijiya. Na ji haushi ƙwarai, amma murna ta fi haushin yawa. Na je Sabuwa sallamar kawuna, malami ne, ya saurare ni har na gama, ya ce kallo ba bauta ba ne, in riƙe sallata, in kuma kula da abin da ke cikin tukunyar mutane. Sai da na miƙe zan tafi ya rage murya ya ce in da hali in duba masa ko gaskiya ne giwa tana yi wa mutum dako.

Ana gobe za mu tashi sai ga Inna a ƙofar gidana a Mairuwa. Da ƙafa ta taso, ita da jikarta. A kanta akwai dami naɗe cikin tsohuwar tabarma, an ɗaure da igiyar rama. Ta sauke, ta kwance, sai ga rassan magarya, ƙaya zalla, ta saro su daga magaryar da ke bakin gonarsu.

"Ka tahi mashi da ita," in ji ta. "Kak ka ba kowa riƙo. Da hannunka za ka aza."

Na buɗe baki in gaya mata nisan wurin, da jirgin sama, da teku, sai na dubi tafin hannunta duk ƙaya ta yayyage shi. Na ce to, Inna.

Bature da ya ga damin ya yi dariya har ya zauna. Ya ce shi a iya saninsa babu kura a Bama. Ban musa masa ba, amma a raina na ce mutumin da har yau bai iya bambanta gero da maiwa ba, shi zai ba ni labarin kura? Lokacin yaƙi ban ji kukanta ba, gaskiya ne, amma wace kura ce za ta tsaya inda igwa ke tashi?

Daga Funtuwa muka hau jirgin ƙasa zuwa Kano. A filin jirgin sama wani ma'aikaci mai ƙwazo ya zura hannu cikin tabarmar ba tare da ya tambaya ba. Ya zaro hannun da sauri yana tsotsar yatsa, ya ce mene ne wannan. Bature ya ce, "Ƙaya nashi. Magani." Aka bar ni na wuce. Da jirgin ya ɗaga na rungume damin na rufe ido, ina karanta duk abin da na haddace har da wanda ban gama haddacewa ba. Can na buɗe ido ɗaya na leƙa, na ga gonaki sun koma ƙanana ƙanana, sai dariya ta kama ni. Wata Baturiya a gefena ta miƙo mini alewa, ina jin ta ɗauka kuka nake.

A Sudan na tarar da Hausawa, masu tafiya Makka da ƙafa da suka tsaya noman auduga su tara guzuri. Suka rungume ni, suka ba ni shayi, suka tambayi ko bana zan sauke farali. Na ce in Allah ya yarda wata shekara, yanzu aike zan kai. Da jirgin ruwanmu ya fita, wani matuƙi ya nuna mini hagu ya ce Jidda tana can. Na tsaya na daɗe ina kallon ruwa, na yi addu'a Allah ya kira ni, ban ga ko tudu ba.

A jirgin ne na koyi darasi. Na bar damin a lungu na je taya masu dafa abinci hira da hannu, don Indiyawa ne, ba mai jin wani. Ina dawowa na tarar da wani mai shara ya kai shi bakin ƙarfen jirgi zai wurga teku. Ban san ina da sauran gudun soja ba sai ranar. Tun daga nan ban ƙara rabuwa da shi ba, na yi masa maratayi, duk inda na sa ƙafa yana bayana.

Haka na shiga tsibirin Silon. Jirgin ya tsaya sauke kaya, Bature ya ja ni muka hau jirgin ƙasa zuwa wani gari a kan duwatsu, inda suka ce suna ajiye da haƙorin Buda a cikin ɗakin ibada. Kore ko'ina, har ido ya gaji. Ana ta buga ganguna, mutane cikin fararen kaya sun yi layi, kowa da furanni a tafin hannu, sai ni kaɗai da ƙaya. Wata tsohuwa ta dube ni, ta dubi rassan da suka leƙo daga tabarma, tausayi ya kama ta, ta ɗauka abin da na iya samowa ke nan. Ta zaro furen bado ɗaya daga nata ta soka mini a cikin damin. Na yi mata godiya da Hausa, ta amsa da yarensu, muka rabu kowa ya gamsu. Haƙorin kam ban gan shi ba, akwati ne cikin akwati. A waje kuma birai suka tare mu. Wani ƙato ya dira a bayana ya cafki damin, ya yi ƙara ya sake, ya koma kan katanga yana duba hannunsa yana zagina. Na ce kaɗan ka gani, wannan ta Yargoje ce.

Rangun kuwa, babban birnin Bama, tun daga teku na hango abin da ya sa na cire hula. Hasumiya ce kan tudu, zinariya tun daga gindi har tsini, rana na dukanta. Lokacin yaƙi ba mu iso nan ba, labari kawai muka ji, ni ma na ɗauka ƙarin gishirin soja ne. Gani ya kori ji. A bakin matakala aka ce kowa ya tuɓe takalmi har da safa, na ce wannan kam mun saba. Da muka hau sama dutsen daɓen ya ɗauki zafin rana. Bature ya taka, ya ɗaga ƙafa, ya taka ɗayar, sai ga hafsan soja guda yana rawa daga inuwa zuwa inuwa, akwatin hoto yana lilo a wuyansa. Ni da faso ya gama da dugadugaina tun ina yaro, tafiyata nake a hankali, hannu a baya. Na so in riƙe dariyar saboda girman aiki, ta fi ƙarfina. Malaman wurin, masu aski ƙwal da mayafi ruwan ɗorawa, su ma suka kau da kai suna murmushi.

Ƙananan ƙararrawa ne rataye can sama, iska na kaɗa su. Mata na zuba ruwa a kan ƙananan gumaka, wani na share daɓe, wani ya duƙa goshi a ƙasa, yara na cin gyaɗa. Ba wanda ya ce in rusuna, ni ma ban rusuna ba. Da azahar ta yi na sauko na sami gindin bishiya na yi sallata, wani mai sayar da lemo ya matsar da kayansa ya ba ni wuri.

A wani gari kusa da nan muka ga Buda a kwance. Sun gina shi ya kishingiɗa bisa hannunsa, ido a lumshe, tsawonsa sai da na yi tafiya kafin in kai daga kai zuwa ƙafa. Tafin ƙafar kaɗai ya fi ƙofar zauren hakimi. Na roƙi Bature ya ɗauke ni hoto a gindin ƙafar, don na san mutanen gindin durumi, in ba su gani ba za su ce Alhajin Bama ya fara. A hoton na fito ɗan mitsitsi, na ƙame kamar a fareti, damin ƙaya na leƙowa ta bayan kunnena.

Murnata ta tsaya cak a gidan namun daji na Rangun. Mun ga damisa mai ratsi-ratsi, ta fi tamu girma nesa ba kusa ba, mun ga ɗawisu ya baje wutsiya, mun ga wani maciji da na ƙi tsayawa in ga ƙarshensa. Muna karya kwana sai ga ta a keji, ƙugu a zube, tana zagaye. Kura. Na nuna wa Bature na ce to ga ta nan. Ya karanta allon da ke jikin kejin ya ce daga Indiya aka kawo ta a jirgi, baƙuwa ce kamar ni. Na ce wanda ya kawo ɗaya ai ya san inda sauran suke. Ranar ban iya cin abinci ba, Inna kawai nake gani.

Muka bi babban kogi muka yi arewa. A wani sansanin masu yankan katako na cika wa kawuna aikensa. Giwa tana dako, na gani da idona. Mutum na zaune a wuyanta yana taɓa bayan kunnenta da yatsun ƙafa, ita kuma ta sa haure ta ɗaga gungumen da mutum ashirin ba za su motsa ba, ta ajiye, ta ja baya ta duba, in bai daidaita ba ta gyara. In lokacin tashi ya yi kuwa ko sarki ya zo ba za ta ƙara ɗaga tsinke ba. Aka ce in hau. Na hau ina salati, ta miƙe, duniya ta koma ƙasa, hulata ta faɗi. Sai ta sa hanci ta ɗauko ta miƙo mini ta bayan kanta. Na karɓa da hannu biyu na ce na gode, ranki ya daɗe. Bature ya ce a duk zamanmu bai taɓa jin na yi masa ladabi haka ba.

Gaba kaɗan akwai wani fili, busasshe kamar ƙasarmu, ɗakunan ibada na jan bulo sun bazu iyakar ganin ido, awaki na kiwo a tsakaninsu. Bature ya rikice, ya shiga wannan ya fita ya shiga wancan, jemagu na tashi a kansa. Ni kuma na nemi inuwa na zauna. Wani abu ya faɗo mini a cinya, na ɗauka na duba, na ɗaga kai. Magarya. Na dubi dama, magarya, na dubi hagu, magarya, yara na tsintar 'ya'yanta suna ci. Wato na ratsa sama da teku da damin magarya a baya, na kawo ta garin magarya. Na yi dariya har na kwanta, yaran suka taru suna kallona. Amma ko da wasa ban yi tunanin yar da tawa ba. Tasu ba Inna ce ta saro ta ba.

Daga ƙarshe muka juyo yamma, bakin teku, inda muka yi yaƙi. A garin Akyab Bature ya ɗauki tafinta, wani Musulmin ƙasar mai ɗan gemu. Da ya yi mini sallama na amsa, sai muka riƙe hannun juna muka kasa saki. Muka shiga ƙaramin jirgin ruwa muka bi kogi, kadoji na shan rana a bakin laka, yara na zaune bisa bayan ɓauna kamar jakin gidansu. Wuraren da na sani da hayaƙi da ƙara yanzu shinkafa ce kore shar. Ina ta nuna wa tafinta inda muka kwana da inda muka gudu, shi kuma yana gyaɗa kai ba ya jin ko kalma.

Da muka isa tsohon garin da abokina ya rasu sai na tsaya ina dube-dube. An ce mini gindin tudu kusa da tafki. To garin duk tuddai ne, kowane tudu da ɗakin ibada na baƙin dutse a kansa, kowane da tafkinsa. Muka yi ta yawo muna tambaya. Wasu suka ce Turawa sun zo bayan yaƙi sun kwashe gawarwakin soja sun kai babbar maƙabarta. Na zauna a kan dutse, damin a cinyata, na rasa abin da zan je in gaya wa Inna.

Wata mai sayar da shinkafa ce ta tura mu wurin wani tsohon malamin mabiya Buda a can ƙarshen gari. Muka same shi zaune a kan tabarma, ƙananan ɗalibansa kewaye da shi. Ya dube ni ya daɗe, sa'an nan ya shafa kumatunsa da yatsu uku, yana kwatanta zane irin na fuskar mutanenmu. Ya ce ya tuna baƙaƙen soja. Masu kwasa sun zo, amma akwai uku a bayan tafkinsu da ba su gano ba, shi kuma bai ga dalilin tayar da wanda ya kwanta ba.

Ya tashi da sandarsa ya kai mu. Ƙananan tuddai uku ne a jere ƙarƙashin wata bishiya mai faɗin ganye, an share wurin tas, ba ko ciyawa. Ba suna, ba alama. Ƙasar a lafe take, ba inda aka taɓa tonawa. Na kwance tabarma. Malamin ya tambayi na mene ne. Na gaya wa Bature, Bature ya gaya wa tafinta, tafinta ya gaya wa malami, malami ya ce kare? Na ce ba kare ba. Da na ga magana ba za ta kai ba sai na miƙa wa tafinta hulata, na duƙa da hannu da ƙafa, na zubar da ƙugu, na yi ɗingishi, na saki kukan kura irin na bayan Yargoje. Ɗaliban suka zube ƙasa suna riƙe ciki. Tsohon ma sai da ya dafa sanda, kafaɗunsa na rawa. Da ya samu numfashi ya ce a nan aka haife shi, a nan ya tsufa, bai taɓa ganin wannan dabba ba, kakansa ma bai ba shi labarinta ba.

Ban san wanne ne na abokina ba, sai na raba ƙayar uku na aza wa kowa da hannuna. Ta bushe, ta ragu a hanya, kowane kabari bai samu abin kirki ba. Na tsuguna na gaya masa Inna na gaishe shi, ƙanwarsa ta haihu, magaryar bakin gona tana nan. Ina tsammanin zan yi kuka, sai na ji wani daɗi ya cika mini ciki, kamar in zuba ruwa a ƙasa in sha. A hanyar komowa jirgi har waƙar fareti na yi, Bature na taya ni da muryarsa mara daɗi.

Duk tsawon hanyar gida labarin nake gyarawa a raina, inda zan fara da inda zan sa kukan kura don Inna ta yi dariya. Mun iso Mairuwa damina ta kusa. Ban tsaya wurin mutanen gindin durumi ba, na bar musu hoton suna ta juya shi, na ari keke na nufi Yargoje.

Na same ta a tsakar gida tana ɓarzar kalwa. Ban gama gaisuwa ba na fara zuba. Na ce na gano wurin, Inna, a share yake, wani tsohon malami ke kula da shi, ƙasa lafe ba a taɓa ta ba, na aza ƙayarki da hannuna. Na ajiye mafi daɗin a ƙarshe. Na ce kuma Inna, ƙasar nan kaf babu kura, ko ɗaya, sai wata baƙuwa a keji. Ina dariya ina jiran tata.

Ba ta yi dariya ba. Ta tsayar da hannunta a kan dutsen niƙa.

"Babu kura," ta ce.

Na ce babu, Inna.

"Tun can hwarko babu?"

Na ce tun farko.

Ta sunkuya tana kallon kalwar. Sai a lokacin na gane abin da na yi. Shekarun nan duka tana da aikin da take yi wa ɗanta, tana tsare shi daga kura daga nan bayan Yargoje, ni kuma na zo a kan keke da murnata na karɓe mata aikin. Dariyar ta mutu a bakina, na rasa inda zan sa idona.

Ta share hannu a zaninta, ta kira matar babban ɗanta daga ɗaki. Ta ce a ɗebo dawa a rumbu a jiƙa don giya, a aika wa dangi da makaɗa. Sa'an nan ta juyo gare ni.

"To, ɗana ya mutu," in ji ta.

Ta ja mayafi ta rufe fuskarta, ta fara kukan da ba ta yi ba tun ranar da aka kawo mata labari. Na zauna a ƙasa kusa da ita har matan unguwa suka fara shigowa.